Yinin Masunci a Kogin Deschutes na Jihar Oregon

Kogin Deschutes yana tsakiyar jihar Oregon, a arewa maso yammacin Amurka, kuma yana tafiyar kimanin kilomita 400 daga tsaunukan Cascade kafin ya zuba a cikin babban Kogin Kolambiya, wanda shi kuma yake kai ruwansa Tekun Fasifik. Sashensa na ƙasa ya ratsa ta wani kwazazzabo mai zurfi na baƙin dutse, a ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, amma ruwan kogin kansa yana da sanyi kuma ba ya ja baya sosai ko da rani, saboda maɓuɓɓugan ƙarƙashin ƙasa ne suke ciyar da shi. Wannan ne ya sa kifaye uku da masunta ke nema suka haɗu a cikinsa.

Na farko shi ne samon, musamman jinsin da ake kira cinuk, wanda ake ƙyanƙyashe shi a cikin tsakuwar kogi, ya gangara teku ya yi shekaru yana girma, sa'an nan ya kamo hanya ya haura ruwa har inda aka haife shi, ya zuba ƙwai ya mutu. Na biyu shi ne turawut, ɗan kifi mai jan layi a gefe wanda yake zaman kogi duk rayuwarsa yana cin ƙwari. Na uku, sitilhed, jinsinsu ɗaya da turawut ɗin, sai dai shi yana fita teku kamar samon, ya dawo da girma da ƙarfi, kuma ba dole ne ya mutu bayan zuba ƙwai ba.

Mai neman sitilhed yakan tashi tun kafin asuba, domin kifin ya fi kula ƙugiya lokacin da inuwar duwatsu take kan ruwa. Daga garin Maupin da kewayensa ake sauke ƙananan jirage masu shimfiɗaɗɗen ƙasa da baki a ɗage, waɗanda aka ƙera don ratsa ruwa mai gudu, amma dokar wannan sashe na kogin ta hana jefa ƙugiya daga cikin jirgi, don haka jirgi na sufuri ne kawai. Masunci zai sa wandon roba mai kaiwa ƙirji, ya shiga ruwa har cinya, riƙe da sanda mai tsawon kusan mita huɗu, a bakin zarenta an ɗaura ƙugiya da aka yi wa ado da gashin tsuntsu da zare mai launi. Zai jefa ta zuwa tsallake, ya bar igiyar ruwa ta jawo ta a hankali har ta miƙe a ƙasansa, ya taka sawu biyu ko uku zuwa gangare, ya sake jefawa. Haka zai yi ta yi na sa'o'i, kuma ba abin mamaki ba ne yini ya ƙare kifi bai taɓa ƙugiya ba, tun da yake sitilhed ba ya cin abinci sosai in ya shigo kogi, samon kuwa ya daina ci baki ɗaya.

Da rana ta take kwazazzabon, iska kuma ta fara busowa daga ƙasan kogi kamar yadda ta saba da yamma, da yawa sukan koma kan turawut da sanda mai sauƙi, ko su nemi inuwa su jira la'asar.

Abin da ya fi cancantar lura shi ne abin da ke faruwa idan sitilhed ya kamu. Kafin komai masunci zai duba bayan kifin, kusa da wutsiya, inda akwai wani ɗan fiffike mai tsoka. Idan an yanke shi, to kifin daga gidan ƙyanƙyasa na hukuma ya fito, kuma mai lasisi yana iya ɗaukarsa ya rubuta a katinsa. Idan fiffiken yana nan, kifin haihuwar kogi ne, dole a cire ƙugiya a sake shi, kuma masu kula sukan yi hakan yana cikin ruwa, su tallafe shi yana fuskantar igiyar ruwa har ya farfaɗo ya kufce daga hannu. Mutum ya kwana a hanya, ya yini a ruwan sanyi, sa'an nan ya saki abin da ya kama, wannan zai yi wa mai su don cefane wuyar fahimta, amma tarihin kogin ya ba dokar hujja.

An ƙiyasta cewa kafin zuwan Turawa, kifi miliyan 10 zuwa 16 ne suke haurowa Kolambiya kowace shekara. Kamun da ya wuce kima da gina madatsun ruwa suka karya wannan yawa: an gama madatsar Bonneville a 1938 da matakalar da kifi ke bi ya haura, amma ta Grand Coulee ba ta da ita, sai ta rufe saman kogin gaba ɗaya. A 1957 madatsar The Dalles ta shanye gangaren ruwa na Celilo, kusa da bakin Deschutes, inda 'yan asalin ƙasar suka yi dubban shekaru suna su da ciniki, kuma wannan asara ce da kuɗin diyya ba su maye ta ba. A 1999 aka sa sitilhed na wannan yanki cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, a 2021 kuwa kifin ya yi ƙarancin da ya sa hukumar jihar ta rufe kamunsa a Deschutes.

A gangaren ruwa na Sherars, ƙasa da Maupin, mutanen ƙabilun Warm Springs har yanzu suna tsayawa a kan dakalin katako da aka kafa a saman ruwa mai kumfa, suna zura koma mai dogon mariƙi suna ɗebo samon, bisa haƙƙin da suka riƙe wa kansu a yarjejeniyar 1855 lokacin da suka bar wa gwamnatin Amurka mafi yawan ƙasarsu. Kifin da suke kamawa na ci ne da na bukukuwan addininsu, kuma ƙabilun suna cikin masu tsara yadda ake kula da kogin tare da hukumomin jiha da na tarayya.