Fatar Maigatari, Ruwan Challawa

Duk Alhamis tireloli na barin kasuwarmu ta Maigatari maƙare da awaki da raguna. Fatun wasunsu a masana'antun jima na Kano suke ƙarewa: Challawa, Sharaɗa, Bompai. Can ake jeme su da sinadarin kuromiyam, dagwalon ya gangara kogunan Challawa da Jakara. Da shi masu lambu ke ban ruwa, rijiyoyin makwabta kuma na tsotsarsa, har uwa ta riƙa gutsurar kuɗin cefane tana biyan ɗan garuwa. Mu da muke shan burtsatse muna jin zancen kamar na nesa. Alhali Challawa ne ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗeja, wanda ke ratsa Ringim, cikin jiharmu.