Uwata da wasan kama tuta

Shekara 27 ke nan ina kasuwancin albasa tsakanin Galmi da Ankara. Na yi zaman Agbogbloshie har lokacin da aka kwashe mu zuwa Adjen Kotoku a 2021. Cikin wannan albasar nake biyan kuɗin jami'ar 'yata ta uku, wadda ta ci sunan mahaifiyata, shi ya sa ba na kiranta da komai sai Uwata. Ilimin tsaron kwamfuta take karanta.

Da ta zo hutu bara, sai na lura ba ta barci. Ƙarfe biyun dare fitilar ɗakinta na kunne, can sai ka ji ta buga tebur tana cewa, "Na kama!" Da safe na tambaye ta me ake kamawa a gidana da tsakar dare. Ta ce, "Baba, tuta ce. Wasa ne malaminmu ya ba mu." Wallahi raina ya ɓaci. Mota guda ta albasa sai ta ruɓe mini a kan iyaka in biya kuɗin makaranta da bashi, a ce wasa ake yi?

Ta zaunar da ni ta nuna mini. Malamin yana gina shafin intanet na ƙarya, kamar shagon da aka kafa don gwaji, ya bar wata kafa a jikinsa da gangan. A ciki ya ɓoye 'yan haruffa, su ne tutar. Ɗalibi ya nemo kafar, ya shiga, ya ɗauko haruffan ya miƙa, a ba shi maki. Mai wuya makinta ya fi yawa, kuma ga allo da ke nuna ƙungiyar da ke gaba. Ta ce manyan masana sun daɗe suna irin wannan gasa a taron DEF CON na Las Vegas, tun 1996. Wanda ita take yawan yi sunansa picoCTF, na Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, an fara shi a 2013, kuma kyauta ne.

Ni dai abin da kunnena ya ji shi ne ana koya wa 'yata fasa shago. Na faɗa mata haka. Ta ce, "Baba, mai gyaran kwaɗon kasuwarku ai ya iya buɗe kowane kwaɗo. Ɓarawo ne?" Na ce a'a, amma shi na san ubansa. Ta yi dariya, ta ce darasin farko da aka yi musu shi ne ba a taɓa na'urar kowa sai da izininsa, kuma wanda ya gwada a shafin gaske kotu ce za ta raba shi da hukuma. Ban gamsu ba, na dai yi shiru.

Ba a yi wata biyu ba aka kira ni ina tsakiyar sauke kaya. Mutumin Hausarsa tsaf, ya kira ni Alhaji, ya ambaci ƙungiyarmu ta 'yan albasa, ya ce za a yi taro ta waya da daddare, an turo mini lambar shiga, in karanto masa. Lamba shida ce. Na karanto. Kafin la'asar WhatsApp ɗina ya bar hannuna, ana ta aika wa mutanena saƙo da sunana cewa mota ta lalace a hanya, a taimaka da kuɗi. Wani aminina da muka yi shekara 20 tare ya tura sidi 1,500 bai ko kira ni ba, saboda yarda. Kuɗin na biya shi. Kunyar ce har yau ban gama biya ba.

Uwata ce ta karɓi wayar. Ta sake yin rajista da lambata, sabon saƙo ya shigo, shigar da shi ya fitar da ɓarawon. Amma ya riga ya sa nasa lambar sirri ta mataki na biyu, dole na jira kwana 7. Ta sa na kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Gana, na kai rahoto. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hannunta bai yi rawa ba. Ni da na yi shekaru ina ciniki da direbobi da 'yan kwastan gumi nake yi, ita kuwa kamar mai tsince shinkafa. Ta ce ta saba ne, a wasan sau ɗari za ka faɗi kafin ka kama tuta ɗaya, kuma ba kuɗin kowa a ciki.

Da dare ta rubuta mini "doedvd" a bayan rasit, ta ce tutata ke nan. Na kwana biyu ina juya takardar a aljihu. A rana ta uku, ina zaune kan buhu, na ga harafin d ya fito sau uku, a farko da tsakiya da ƙarshe, sai na ce bari in ja kowane harafi baya. Taki ɗaya bai ba da komai ba, biyu ma haka. A na uku sai ga "albasa". Na yi ihu har yaran shago suka zaci kunama ce. Ta ce da irin wannan dabarar Yuliyas Kaisar na Rum yake ɓoye wasiƙunsa.

Yanzu duk Juma'a tana turo mini saƙo biyar, wasu na gaske, wasu ta ƙirƙira irin na 'yan damfara, in ware. Ina karanta wa abokan zamana a rumfa, mu yi ta gardama. Makon jiya na ci huɗu. Wanda ya kayar da ni saƙo ne da ke cewa farashin buhu ya faɗi a Galmi, in danna in gani.