Alhinin Baƙon Kolambo

Ranar 19 ga Maris na shekarar 2008 Arthur C. Clarke ya mutu a birnin Kolambo na ƙasar Siri Lanka, yana da shekara 90. Mun san wasu za su ce, to shi kuma wane ne, ɗan gidan wa? Bature ne, ɗan Ingila, marubucin ƙagaggun labaran kimiyya. Ba mu taɓa ganinsa ba, bai san da zamanmu ba. Amma mu ƴan tsirarun nan Sabo da muka yi shekaru muna karɓa-karɓar littattafansa daga wannan shago zuwa wancan har bangonsu ya yage, mutuwar nan ta taɓa mu ƙwarai. Turancinmu na kasuwa ne da na ajin dare, shafi biyu kan cinye mana hira guda, ga ƙamus a gefe, wani lokaci sai yara sun warware mana. Duk da haka ba mu ajiye shi ba.

Wanda bai san shi ba, ya ɗaga kai ya dubi rufin gidajen unguwar nan. Kowane faranti na dish da aka kafa yana fuskantar wuri guda a sama, ba ya juyawa. A watan Oktoba na 1945, yana ɗan shekara 27, bayan ya yi aikin rada a sojan saman Ingila, Clarke ya buga wata maƙala a mujallar Wireless World. Ya nuna da lissafi cewa in aka ajiye tauraron ɗan Adam a nisan kilomita wajen 36,000 daidai saman tsakiyar duniya, zai riƙa kewayawa sau ɗaya a kwana guda, tafiyarsa ta yi daidai da juyawar ƙasa, mai kallo daga ƙasa ya gan shi kamar a tsaye cak. Guda uku irinsa, in ji shi, sun isa su kai saƙo kusan ko'ina. A lokacin ko gwangwani ɗan Adam bai taɓa harbawa ya kewaya duniya ba. Sai 1964 aka kai na farko wannan matsayi, ya ɗauko wasannin Olamfik daga Tokiyo zuwa Amurka. Wanda Nijeriya ta harba daga ƙasar Sin a 2007, can aka kai shi. Sallar Tarawihi da muke kallo kai tsaye daga Makka, ta wannan hanya take iso mu. Kuma mutumin bai yi wa dabarar rajista ba. Mu ƴan kasuwa abin nan yana ba mu mamaki har gobe.

Abin da ya sa muke son labaransa ke nan: ƙaryarsa da awo take. In ya ce jirgi zai kai wata duniya, sai ya lissafa kwanakin tafiyar. A cikin 2001: A Space Odyssey, wanda ya fito a littafi da fim a 1968, akwai kwamfuta mai suna HAL da ta hallaka mutanen jirginta. Dalilin da littafin ya bayar shi ya tsaya mana a rai. An gina ta don ta faɗi gaskiya, sannan aka umarce ta ta ɓoye wa matafiyan ainihin manufar tafiyar, sai ta rikice. Duk wanda ya taɓa sa yaron shago ya yi wa mai saye ƙarya, daga baya ya yi mamakin yadda kuɗin ciniki ya fara raguwa, ya san wannan labari.

Wani ɗan'uwa ya tare mu bayan La'asar, ya ce, "Malam, kai da kake jan mutane salla, ina ruwanka da alhinin wanda bai yarda da addini ba?" Tambayar tana kan hanya. Clarke bai ɓoye ra'ayinsa ba, har wasiyya ya bari a rubuce kada a yi wani abu na addini wajen binne shi, kuma haka aka yi. A nan mun rabu da shi, rabuwa mai nisa, ba mu kuwa yi masa salla ba. Hukuncinsa yana wurin Wanda ya halicce shi. Sai dai mun karanta a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, don rai ne. An kuma koya mana tun muna allo cewa gode wa mutane yana cikin gode wa Allah. Mun amfana da mutumin nan, mun faɗa, iyakarta ke nan.

Akwai kuma abin da mu mazauna Kurmi za mu gane fiye da kowa. Clarke baƙo ne. Ya tafi Siri Lanka a 1956 don son ninƙaya a ƙarƙashin teku, ya zauna shekara 52. Shan inna ta kama shi a 1962, daga baya ta zaunar da shi a keken guragu, bai koma gida ba. Igiyar ruwan nan ta 2004 ta rusa makarantarsa ta koyon nutso a bakin teku, bai koma ba. Ƙasar ta ba shi lambar girmamawa mafi girma da take ba farar hula a 2005, kuma a maƙabartar Kolambo aka binne shi. Mu da kakanninmu suka zo fataucin goro da shanu da niyyar su ga damina ɗaya su juya, ga shi kaburburansu na nan bayanmu, mun san yadda garin mutane yake zama na mutum ba tare da ya shirya ba.

A watan Disamba na 2007, da ya cika shekara 90, ya faɗi burinsa uku: a sami shaidar cewa akwai wasu halittu masu rai a wata duniyar, mutane su rabu da dogaro da man fetur, sannan a sami zaman lafiya mai ɗorewa a Siri Lanka. Na ukun ne ya fi kama mu, don irin roƙon da muke yi ne duk Juma'a ga ƙasar da ta saukar da mu. Bai ga ko ɗaya ba. Yaƙin basasar da ya ɓarke can a 1983, har lokacin da ya mutu a 2008 ana yin sa.