Wasiƙa zuwa ga dandalin Kangire

Ya dandalinmu,

Bayan gaisuwa irin wadda ake yi wa babban da aka daɗe ba a leƙa ba, na rubuto ne in shaida maka cewa abin da kake ba mu kyauta, yau sai da kuɗi ake samunsa. A Kano akwai gidajen motsa jiki, inda mutum zai biya kuɗin wata ya shiga ya ɗaga ƙarfe, ko ya hau na'ura ya yi ta gudu a wuri guda, janareta na ruri a waje. Waɗanda zaman ɗakin ya gundura kuma sun fara fita fili: tattaki da asuba, tseren keke, hawan dutse ranar Asabar. Sabon salo suke kiransa. Ina taya su murna har zuciyata, amma duk sanda na gan su, kai ne kake faɗo mini a rai.

Ka tuna langa? Yaro ya lanƙwasa ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe yatsanta, ya yi ta tsalle da ɗayar, yana ture abokin karawa da hannun da ya rage, 'yan ɓangarensa na kare ruwa, wato ɗan wasan da suke wa rakiya, har ya isa inda aka shata. Wanda ya saki ƙafa ya fita. A wasa guda cinya ta yi ƙwari, numfashi ya yi tsawo, yaro ya koyi faɗuwa ya tashi ba kuka, ya kuma koyi tsare ɗan'uwansa da jikinsa. Idan kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, sai ganga ta kira 'yan kokawa, ƙauyukan kewaye su taho a ƙafa. A ɗaya gefenka 'yan mata na gaɗa a farin wata, ɗaya ta faɗo da baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla sama. Rashin gaɗar nan ya fi yi mini ciwo. Samari sun sami ƙwallo ta maye musu gurbinka, amma yarinyar Kangire da ta rasa ka ba a ba ta komai ba.

Mu da muke ƙasar duwatsu ma ba mu da hujjar zama. A Birnin Kudu, jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, akwai zanen shanu wanda mutanen dauri suka bari, ga duwatsun da in an buga su suke amo kamar ƙararrawa. Tun shekarun 1950 Bature Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu, duniya ta san da su. Yaranmu nawa ne suka taɓa hawa da ƙafarsu su gani?

Ba a rana ɗaya ka tafi ba. Gine-gine sun ci gefenka, gidan kallon ƙwallo ya kwashe samari, waya ta kwashe sauran. Babur ya sa tafiyar da kakanninmu ke yi kafin hantsi ta zama abin jin kunya. Iyaye kuma sun ji tsoron dare da cuɗanyar maza da mata, kuma ban ga laifinsu ba, don ba duk abin da aka yi a gefenka ne abin yabo ba. Sai dai gyara ya kamata a yi maka, aka rufe ka gaba ɗaya.

Manomin da ke riƙe da garma har yau bai rasa gumi ba. Waɗanda suka yi asararka su ne mai shago, da malamin makaranta, da ɗan acaɓa, da matar da ke yini a tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, yaro kuma minti 60 kullum. Mai hawan jini ko ciwon suga, ko a asibitin tarayya na Birnin Kudu ya ga likita ko a Kano, cikin shawarar da zai ji akwai tafiya a ƙasa.

Maƙwabtanmu na Nijar ba su saki tasu kokawar ba. Tun 1975 da aka fara a Tawa suke gasar takobi, ƙasa duka ta tattara hankali a kanta. A nan ma langa da kokawa da dambe na cikin gasar wasanni ta ƙasa, amma daga ina 'yan wasan za su fito idan gari ba fili?

Don haka ga abin da zan kai gaban mai gari da shugaban makarantar firamare kafin dogon hutun damina: a ware fili a shata iyakarsa, kada a sayar. A buɗe shi bayan la'asar, da ido na ganin ido. Dattawan da suka yi langa su koya wa yara, iyaye mata su tsaya wa 'yan mata a nasu ɓangaren, a kuma sa rana guda a kai ɗalibai Dutsen Habude.

Naka,
ɗaya daga cikin yaran da ka rena