Daren Litinin a Monmore Green

Ƙamshi ne ke fara tarbar mutum tun kafin ya sayi tikiti: man zurma da ya ƙone a cikin inji, hayaƙin metanol, da albasar da ake soyawa a rumfunan bakin ƙofa. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan, amma ko yau na shaƙi wani abu mai kama da wannan sai na ganni a Monmore Green, filin tseren babur na garin Wolverhampton a tsakiyar Ingila, daren Litinin, ina tsaye kusa da wani tsoho mai allo a hannu da biro a kunne.

A 2002 na sauka garin don karatu, tsohon kuwa maƙwabcina ne. Ya yi ritaya daga masana'antar narka ƙarfe, matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse. Baba nake ce masa, tun yana mamaki har ya saba, shi kuma "yarona" yake kirana. Wata rana ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce in ɗauko riga mai kauri, zai kai ni in ga babur marar birki.

Haka abin yake kuwa. Babur ɗin wannan tsere da suke kira sifidwe ba shi da birki, giyarsa ɗaya tak, injinsa mai si-si 500, ba ya shan fetur sai metanol. Mutum huɗu ke jerawa a bayan farar igiya da aka gitta, biyu na gida da jar hular kwano da shuɗiya, baƙi biyu da fara da rawaya. Koriyar fitila ta kama, injuna su ɗauki kuka har ka ji a haƙarƙarinka, igiya ta yi sama, su saki kuloci. Kafin ka ƙifta ido sun isa kwanar farko kafaɗa da kafaɗa. A nan mahayi ke murɗa totur, ya jefa tayar baya gefe, babur ya tafi a karkace, ƙafarsa ta hagu mai takalmin ƙarfe tana sharar ƙasa, jar tsakuwa tana feshi har kan 'yan kallo. Zagaye huɗu, ba a cika minti ɗaya ba an gama. Na farko maki uku, na biyu biyu, na uku ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu. Sau goma sha biyar ake yin haka a dare ɗaya.

Tsakanin tsere da tsere, yayin da tarakta ke baje ƙasa, masu manjagara na janyo ta daga bakin shinge, kowa sai ya sunkuya kan allonsa ya cike makin a takardar jadawali. Daga nan sai gardama. Na daɗe kafin in gane cewa minti goma sha biyar ɗin tseren rabin abin da ya kawo su ne. Ɗaya rabin shi ne wannan gardamar.

Baba ba ɗan Wolves, ƙungiyar Wolverhampton, ba ne ma. Ɗan Cradley Heath ne, babbar abokiyar hamayyarsu, wadda aka rufe filinta na Dudley Wood a 1995, daga baya aka gina gidaje a wurin. Da ya rasa nasa sai ya riƙa zuwa na maƙwabta, da tsohon mayafin wuyansa mai kore da fari, ba ya tafa wa kowa sai wanda ya yi gwaninta ta gaske. Gwaninsa Bruce Penhall ne, Ba'amurken da ya hau wa Cradley. Baba yana cikin mutum 92,500 da suka cika Wembley a 1981, daren da Penhall ya ci kambun duniya bayan ya tsere wa Ole Olsen da Tommy Knudsen da tazarar da ba ta kai taya ba. Wannan ne ƙarshen gasar duniya a Wembley.

Amma abin da ke ta da jijiyar wuya shi ne na shekarar da ta biyo. A Los Angeles, 1982, tsere na 14, Penhall da Kenny Carter ɗan Ingila suka yi ta gugar juna har Carter ya faɗi ya shige ƙarƙashin shinge. Alƙalin wasa, Tore Kittilsen ɗan Nowe, ya ce laifin Carter ne, ya fitar da shi. Penhall ya ci kambu na biyu, a daren ya yi bankwana da tsere ya tafi wasan talabijin. Shekara ashirin bayan haka na ga Baba da wani dattijo abokinsa a Monmore Green, ɗaya da hannun dama ya yi Penhall, ɗaya da na hagu ya yi Carter, suna nuna yadda gwiwar hannu ta taɓa wane. Baba ya ce, "Yarona, ko taɓa shi bai yi ba." Abokinsa ya ce da a Ingila aka yi da ba a yanke haka ba. Ba su shirya ba, kuma mako mai zuwa tare suka zo.

Rigima kan doka ta girmi su duka. Wasan ya taso ne daga Ostireliya, inda ake danganta farkonsa da Johnnie Hoskins a garin Maitland a 1923, ya iso Ingila a High Beech a Fabrairun 1928. Gasar duniya ta farko, Wembley 1936, Bluey Wilkinson ya ci tserensa biyar duka a daren, amma ya ƙare na uku, saboda an haɗa da makin zagayen share fage. Lionel Van Praag ne ya ɗauki kambu bayan karon raba gardama da Eric Langton. Tun ranar farko ke nan aka fara tambayar da ba ta mutu ba: wa ya cancanci kambu, gwanin dare ɗaya ko gwanin shekara?

Har 1994 dare ɗaya ake yi. Tsere biyar, ka yi kuskure ɗaya ka jira baɗi. A haka Ivan Mauger ɗan Niyu Zilan ya ci shida, Ove Fundin ɗan Suwidin biyar. A haka kuma Jerzy Szczakiel, wanda ba a sa shi a lissafi ba, ya doke Mauger a Chorzów a 1973, ya zama ɗan Polan na farko da ya ci. Daga 1995 aka koma jerin gasanni a ƙasashe, a tara maki. Tsofaffin Monmore ba su taɓa yafewa ba. Hujjarsu a kullum ita ce Mark Loram, wanda ya zama zakaran duniya a 2000 ba tare da ya lashe ko gasa ɗaya a jerin ba. A wannan ban bi su ba. Wanda ya yi ta zuwa gaba-gaba daga bazara har kaka ya fi wanda sa'a ta faɗo masa dare ɗaya cancanta. Abin da suka rasa shi ne fargabar wannan daren, kuma na yarda rashi ne, amma ba zalunci aka yi wa kowa ba.

Inda na bi su ɗari bisa ɗari shi ne dokokin ƙungiyoyi.

A shekarar da na fara zuwa aka shigo da wasan kifa-ɗaya-ƙwala a ƙarshen kaka. Eastbourne ce ta gama a saman teburi, Wolves ta doke ta a wasan ƙarshe ta ɗauki kofi. Gari ya yi murna, Baba ya rufe allonsa ya ce kofin na Eastbourne ne, an ba wa talabijin abin da take so. Wannan da sauƙi. Babbar matsalar ita ce iyakar maki. Kowane mahayi yana da matsakaicin makin da yake ci, mafi yawa 12, kuma idan aka haɗa na mutum bakwai na ƙungiya ba a yarda ya wuce wani adadi ba, arba'in da 'yan kai a wancan lokacin, wanda masu ƙungiyoyi ke zama su tsayar duk hunturu. Niyyar mai kyau ce, kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye ya bar sauran da ƙaiƙayi. Sai dai garin neman gira aka rasa ido. Ƙungiyar da ta yi ƙoƙari ta ci kofi, makin 'ya'yanta ya hau, dole baɗi ta sallami wasu. Yaron da aka raina tun yana faɗuwa a kwanar farko, ranar da ya goge ita ce ranar da ya daina shiga lissafi. Manaja ya zama mai kalkuleta, yana neman wanda makinsa ya faɗi ƙasa da ƙarfinsa, ba wanda gari ke so ba.

Sai kuma baƙon mahayi. Idan naka ya ji rauni, doka ta ba ka damar aro daga wata ƙungiya, in dai makinsa bai fi na mai raunin ba. Na ga mutumin da aka yi wa ihu wancan mako ya dawo wannan mako sanye da rigar Wolves, ana so a tafa masa. Daga baya aka ƙyale mahayi ɗaya ya riƙe ƙungiya a rukuni na ɗaya da wata a na biyu, ga tasa ta Suwidin ran Talata, ga ta Polan ran Lahadi. Wata tsohuwa da ke tsayawa gabanmu, mai ajiye jadawalin kowane wasa tun tana budurwa, ta taɓa juyowa ta ce wa Baba ita yanzu riga take mara wa baya, don ba ta san wanda zai kasance a ciki ba.

Mafi ban haushi ita ce hular kwano mai baƙi da fari. Ƙungiyar da aka ba tazara mai yawa tana iya sa wa gwaninta wannan hula, duk makin da ya ci a ninka. An yi ta ne don kada wasa ya mutu tun a tsakiya. Abin da ta haifar shi ne zargi: da an ga mahayi ya sassauta totur a zagayen ƙarshe, sai a ce da gangan ya yi don tazarar ta kai a samu hular. Ko ya yi ko bai yi ba, zargin ya riga ya shiga. Sai da aka shafe fiye da shekara goma ana kuka kafin a soke ta.

Duk wannan ya fi ciwo ga wanda ya san abin da ƙungiya take nufi a wannan wasa. Baba ya taɓa riƙe mini hannu ana tsakiyar tsere ya ce in daina kallon na gaba, in kalli Peter Karlsson na Wolves. Karlsson na biyu yake, kuma da ya so da ya wuce abokinsa. Bai wuce ba. Ya riƙa waiwaye, ya toshe ciki idan baƙo ya nemi ciki, ya buɗe waje idan ya nemi waje, har suka ƙetare layi tare, biyar da ɗaya. Irin wannan ba ya samuwa tsakanin mutum biyu da suka fara haɗuwa da yamma a wurin gyaran babura. Sai an yi shekaru tare, kowa ya san inda ɗan'uwansa ke bi a kwana.

Ba komai na da ne ya fi ba, kuma ko Baba bai ce haka ba. A zamaninsa shingen katako ne ko na waya, bayansa turakun fitila. Peter Craven na Belle Vue, zakaran duniya sau biyu, ya rasu a 1963 bayan haɗari a Edinbara. Erik Gundersen na Cradley, mai kambu uku, ya faɗi a Bradford a 1989, bai sake tsere ba. Idan aka ambaci Gundersen, Baba shiru yake yi. Da aka fara jera katifun iska a kwanoni, ban ji ko mutum ɗaya a wurin tsayuwarmu ya yi ƙorafi ba. Ba canji suke ƙi ba. Sun san dokar da aka yi don ran mahayi, sun san wadda aka yi don a toshe ɓarakar bara.

Masu ƙungiyoyi suna da nasu uzurin, kuma ba ƙarya ba ne. Da yawansu haya suke a filayen tseren karnuka, mai fili ya ga gidaje sun fi riba sai ya ba su takardar tashi. Landan da ta taɓa samun Wembley da West Ham da Wimbledon da New Cross da Harringay yau ba ta da ko ɗaya. Coventry ta rasa Brandon bayan kakar 2016. Kuɗi kuma ya koma Polan, inda garuruwa irin su Leszno da Gorzów da Lublin ke cika filaye, inda Bartosz Zmarzlik ya taso ya mamaye duniya tun 2019. To amma a Polan doka ta tilasta wa kowace ƙungiya ta ware gurabe ga matasan ƙasar 'yan ƙasa da shekara 21, don haka kowane gari na da dalilin renon nasa. Ingila ta yi jinkiri ƙwarai kafin ta gwada makamancin haka. Hukuncina shi ne, tun kafin magina su iso, masu wasan da kansu sun riga sun kwance igiyar da ta ɗaure mahayi da garinsa, kuma mutanen da ke tsaye cikin sanyi da alluna sun yi ta faɗa musu, shekara da shekaru.

Na bar Wolverhampton kafin kofin 2009 da na 2016, Baba ma bai ga na biyun ba. Ɗiyarsa ta aiko mini da jadawali ɗaya daga cikin tarinsa, na wasan farko da ya kai ni, da ƙananan lambobinsa a kowane gurbi da ɗigon jar ƙasa a gefen takardar. Kamfanin da ke da Monmore Green ya ƙi sabunta hayar ƙungiyar, kuma a ƙarshen kakar 2023 aka yi tsere na ƙarshe a filin da aka fara hawa tun 1928.