Zangonmu na Teshi

Duk wanda ya tashi a Tudun Wadan Zariya ya san soja tun bai san kansa ba. Tun 1924 ake horar da kurata a Daffo, ga kuma makarantar yaran soja da aka buɗe a 1954. Ranar da za a yaye kurata garin cika yake da iyaye, wasu daga Kalaba, wasu daga Gaidam, masu abinci da 'yan acaɓa su yi cinikin wata guda a kwana biyu. Sai dai ganin soja a titi daban, zama da shi a ɗaki ɗaya daban.

Mu biyun nan 'yan unguwa ɗaya ne, layi uku ne tsakanin gidajen iyayenmu. Ɗayanmu hafsan soja ne, ɗayarmu malamar firamare. Sati bakwai da ɗaura mana aure takarda ta fito: an tura ango kwas na kusan shekara a kwalejin manyan hafsoshi da ke Teshi, a gefen birnin Akara na ƙasar Gana.

Nan fa gidajen biyu suka ɗauki zafi. Iyaye mata suka ce amarya ko lallen ƙafarta bai gama gogewa ba, ina za a kai ta? Ga kayan ɗaki an sha wahalar jerawa, ga gara ko rabi ba a ci ba. Goggo ta kira ango har ɗakinta ta ce, "Kai ɗan nan, ka je ka yi karatunka mana, ka bar mana yarinya. Gana ai ba lahira ba ce, za ka dawo ka same ta." Ango ya durƙusa ya ce, "Goggo, in na dawo ban san inda za a jefa ni ba. Wannan shekarar ce kaɗai nake da tabbacin zan riƙa kwana a gida." Ɗakin ya yi tsit, domin kowa ya san shekarun da ya yi a Borno, yana zuwa hutun sati biyu sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Aka rufe kayan ɗaki da zannuwa, aka ba Hajiya makulli.

Guzurinmu a jakar nan mai ratsi-ratsi aka ɗura shi: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, man shanu, turaren wuta. Sai a filin jirgin Abuja muka tuna sunan da ake kiran jakar, sunan da ta samu a 1983 lokacin da gwamnatin Shagari ta kori baƙin haure, akasarinsu 'yan Gana. Muka kalli juna. Babu halin canja jaka, haka muka shiga ƙasar mutane da ita.

Teshi garin masunta ne na ƙabilar Ga, teku na bayan gari tana ruri dare da rana. Mu da babban ruwan da muka sani shi ne Kubanni in ta kawo, daren farko ba mu runtsa ba. Iskar gishiri tana cin ƙarfe, turamen atamfa suna ɗaukar wari in ba a shanya su ba. A bakin titi akwai kafintoci masu ƙera akwatin gawa a siffar kifi ko mota ko jirgin sama, gwargwadon sana'ar mamaci. Mun daɗe tsaye muna kallo, mu da muka saba da likkafani da makara. Garin ba baƙon sojan Najeriya ba ne: a nan Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa, ya fara samun horon hafsa kafin ya wuce Ingila.

Watanni biyun farko sun yi nauyi. Ango ya fita da sassafe, ya dawo da yamma da tulin takardu da taswira, ya zauna a kansu har dare ya raba. Amarya kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa wuni ita kaɗai a gida ba. A Tudun Wada da yanzu ƙanne suna shige da fice, maƙwabta suna aiko yaro a sammusu gishiri, ƙawaye suna zuwa ganin ɗaki. A nan sai fanka da waya. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, saboda haka in an kira Magariba a gida, mu rana ba ta faɗi ba, sai mu ji kiran sallar masallacin layinmu ta cikin wayar Hajiya.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da auren da aka fara nesa da dangi. A gida, in aka saɓa, kafin magana ta kai ƙofa ta riga ta kai kunnen mutum goma, kowa da shawararsa. A Teshi babu gidan da za a yi yaji a tafi, yajin da muke da shi na cikin kwalba ne kawai. In rai ya ɓaci, ɗaki da falo ne, dole a sake haɗuwa a ƙofar kicin. Ba mu ce hakan ya fi ba, don akwai ranakun da babba ɗaya a kusa zai kashe magana cikin minti biyar, mu kuwa mu kwana uku muna jan ta. Amma dai a nan muka san halin juna, ba a bakin kowa ba.

Wata Juma'a muka hau motar haya da suke kira torotoro, muka nufi Nima neman naman da muka amince da yankansa. Muna sauka muka ji wata mata tana yi wa yaro faɗa da Hausa. Sai ga mai koko da ƙosai, ga mai fura, ga mai tsire. Abincin da duk Gana ke layi a kansa da safe, wanda suke kira wace, shinkafa da wake ne, sunan ma daga waken ya fito. Tuwo kuma sunansa tuwo zafi har a takardar abincin manyan otal. Wata dattijuwa mai sayar da kayan miya ta dubi lallen hannu ta ce, "Amariya, daga ina ka fito?" Hausarsu ba ta raba mace da namiji, kuma ƙ da ɗ da ɓ duk sun zube a hanya. Mu Zazzagawa da Kanawa suka daɗe suna tsokanarmu da "mata na" da "mota na", ba mu da bakin yi musu dariya.

Da ta ji an ce Zariya sai ta ajiye mudu. Ta ce kakanta daga ƙasar Zazzau ya zo, soja ne, amma ba ta san sunan ƙauyen ba, kuma babu wanda ya taɓa komawa. Daga ranar ta zama uwar ɗakinmu. Ita ta riƙa aiko mana da tuwo da azumi, ita ta riƙe amarya kwana huɗu da zazzaɓi ya kwantar da ita ango yana atisaye a daji.

Maganar kakan nata ce ta sa muka fara tambaya. A 1863 wani Bature mai suna Gulba ya tara wasu Hausawa a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga. Daga wannan ƙungiya sojan Najeriya yake ƙirga asalinsa. Bayan shekara goma aka kwashi irinsu zuwa yaƙin Asante, wanda ya ƙare da ƙona Kumasi a 1874. Wasu suka zauna, suka zama tushen rundunar ƙasar, har Hausa ta zama harshen bariki. Wani abokin karatun ango, wanda ba ya jin Hausa ko kaɗan, ya nuna mana taken rundunarsu ta ƙasa: Kullum Shiri. Babban barikin Akara sunansa Barma, na Daffon Zariya kuma Cindit, duka biyun daga yaƙin da kakanninmu suka yi a dajin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu.

Da hutun tsakiyar kwas muka tafi Kumasi, tafiyar kilomita kusan 250. Tsohuwar ganuwar Turawa da ke tsakiyar gari yanzu gidan tarihin soja ce. A cikinta aka tsare gwamnan Ingila a 1900, lokacin boren Ya Asantewa, kuma sojojin Hausa ne suke gadinsa. Muka bi tsofaffin hotuna muna duba fuskoki: jar dara, gajeren wando, ƙafa ba takalmi, wasu da tsagen da za ka iya gani yau a kasuwar Tudun Wada. Mai yi mana jagora Ba'asante ne, yana ba da labarin daga ɓangaren kakanninsa. Farin cikin da muka yi da jin Kullum Shiri ya ragu a wannan ɗaki. Mutanen nan an kawo su ne su ci ƙasar wasu da yaƙi don amfanin Bature, kuma yawancinsu ba su sake ganin gida ba. Ango ya daɗe gaban hoto ɗaya. Amarya kuwa matansu take nema, ba ta ga ko ɗaya a bango ba.

Zango a Hausarmu wurin da ayari ke yada kaya ne ya kwana, gobe ya wuce. A Gana kalmar ta zama sunan unguwa mai masallatai da makarantu da maƙabarta, inda jikokin fataken goro da na sojoji suka haifi nasu jikokin. Ita kanta Tudun Wada haka ta faro, unguwar baƙin Arewa ce da aka yanka a wajen ganuwa zamanin Turawa, kakanninmu duka biyu zuwa suka yi. A motar dawowa muka yi maganar da muka daɗe muna kauce mata: in aka mayar da ango fagen daga, amarya za ta zauna a bariki ne ko a gida, kuma in wani abu ya faru, wa zai riƙe ta. Mun gama maganar kafin mu shigo Akara.

Kwana tara bayan bikin kammala kwas takarda ta fito. Arewa maso gabas ne, wurin da ba a zuwa da iyali. Uwar ɗakinmu ta Nima ta rako mu har bakin mota da ƙullin jan ganyen da ake rina wace da shi, ba ta san karan dafi ne da ake samu a kasuwarmu ba, mu kuma ba mu faɗa mata ba. Yanzu amarya tana Tudun Wada, ta koma aji, an yaye zannuwan da aka rufe kayan ɗaki. Wannan rubutun ma ta waya muka haɗa shi, sakin layi ɗaya daga nan, ɗaya daga can, a ranakun da sabis ya kama a inda ango yake.