Majinginar katako

A ƙarshen daminar 2022 na shiga ɗakin bayan gidana, a nan Maraɗi, don in duba filankai takwas da na jibge tun bazara. Da na zaro na can ƙasa, sai ya taso mini ba nauyi, kamar karan dawa. Gara ta cinye cikinsa ta bar mini ɓawo. Na biyu ma haka. Na uku da na huɗu gara ba ta kai gare su ba, amma sun sha danshin daɓe har sun kantare. Jan katako ne, wanda na saya da ladan gyaran takardun jarrabawa na shekara biyu, da niyyar in ƙera kanta ga littattafan Hausa da na daɗe ina tarawa cikin kwalaye. Ranar ban iya cin tuwon dare ba.

Mai karatu zai ce, me ya haɗa malamin Faransanci da Hausa da zarto? Gado ne ya waiwayo ni. Kakana masassaƙi ne a wani ƙauye na ƙasar Tasawa. Turmi da akushi da allon karatu duk sun fita daga gizagonsa. Mahaifina ya sa ni lakwal, sana'ar ta tsallake ni, sai da na ba shekara arba'in baya na sayi zarto da guduma na mai da ɗakin ajiya wurin aiki. A nan nake hutawa daga jan biro.

Wanda ke zaune inda daji ya yi duhu ba zai gane zafin wannan hasara ba. Mu nan muna da gawo da kirya da bedi, muna da azarar giginya da ake kawowa daga wajen Gaya, amma katakon da inji ya tsaga, fari ko ja, baƙo ne. Daga kudu yake zuwa, daga Nijeriya da ƙasashen bakin teku, ya kwana bisa manyan motoci kafin ya iso. Har wata babbar kasuwar Yamai sunansa ta ci, wato Katako. Duk abin da ya taɓa kuɗi ko iyaka, ya taɓa shi. Ina kwaleji lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, kuma ban manta yadda muka koma zama huɗu a benci guda ba, don wanda ya karye ba a maye shi. Da Nijeriya ta rufe iyakarta a 2019 tsadarsa ta ƙaru, haka kuma a 2023 da aka ƙaƙaba mana takunkumi. Abin da ya sha wannan tafiya shi na yasar a ƙasa kamar tsumma.

Huɗun da suka tsira na ɗaga su na jingina da bango, yadda na ga ana jingina azara a ƙauye. Bayan sati uku autana, ɗan shekara biyar, ya shiga neman ƙwallonsa, ya ture gindin guda, filankin ya zame ya faɗi tazarar taki ɗaya daga kansa. Uwargida ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi kawai: «Malam, ko katakon nan ya samu mazauni, ko ya bar gidan nan.»

Sai na tafi wurin wani tsohon kafinta na unguwarmu, na gaya masa ina so in yi abin da zai riƙe katako a tsaye. Ya dube ni ta saman tabarau.

«Mushe, katako kwance yake barci. A littafi ka gani?»

«Baba, ɗakin mita 3 ne kan 4. In na kwantar da shi, ni a ina zan tsaya?»

Mun yi yini muna wannan gardama, kuma dole in ba shi gaskiyarsa, ko da rabi ce. Ɗanyen katako, wanda ruwa bai gama fita jikinsa ba, ba a tsai da shi. Kwantar da shi ake yi bisa wuri madaidaici, a gitta ƴan sanduna tsakanin kowane filanki da ɗan'uwansa don iska ta ratsa, a ɗora nauyi a sama, a ba shi watanni. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to haka ma tun yana ɗanye yake tanƙwara kansa in an bar shi a karkace. Amma busasshe yana iya tsayuwa shekara da shekaru bai canza ba, muddin an cika masa sharaɗi uku: kada gindinsa ya taɓa ƙasa, kada ya kwanta da yawa, kada a bar tsakiyarsa ba abin dogaro.

Sharaɗin farko ya fi ba ni sha'awa, don a nan na gane cewa icce ba ya gama mutuwa. Jikinsa kamar damin tsinkaye ne masu rami, waɗanda dā suke kai ruwa daga saiwa zuwa ganye. Bayan an sare shi ramukan suna nan, shi ya sa bakin filanki ya fi gefensa saurin shan ruwa nesa ba kusa ba. Daɓen siminti kuwa, ko ya bushe a ido, yana jawo danshin ƙasa. Kowa ya san ƙofar da ke cijewa a watan Agusta, ta koma tana lilo cikin hunturu: katakon ne ke kumbura yana tsukewa ta faɗinsa, tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi.

Ga yadda muka yi, don a ƙarshe Baba ya biyo ni gida da ma'auninsa, yana gunaguni. Muka jera bulo uku gindin bango, muka ɗora musu dandamali mai tsawon mita 2 da faɗin santimita 50, wanda ya tashi santimita 15 daga ƙasa, yadda tsintsiya za ta shiga, ido kuma ya ga hanyar gara tun ranar da ta fara gini. Ƙarƙashinsa muka shafe da baƙin man mota. Daga bayan dandamalin muka ta da ginshiƙai huɗu masu tsawon mita 2 da rabi, kansu na taɓa bango, gindinsu ya ja baya da shi santimita 22. Malamin lissafi na makarantarmu ya ce mini wannan karkata digiri 5 ke nan. In ta gaza haka filanki na iya rinjayowa gaba, in ta zarce sosai nauyinsa ya koma cikinsa ya lanƙwashe. Muka gitta sanduna uku bisa ginshiƙan, ƙasa da tsakiya da sama, don bayan kowane filanki ya samu madogara, aka dasa dandamalin shi ma da ɗan tashi ta gaba, da ƙaramin dogari a bakinsa mai hana zamewa.

Wurin kafewa muka fi shan wuya. Bulon siminti rami ne a ciki, ƙusa ba ta kama shi. Sai da muka huda bangon har waje, muka zura dogayen ƙarafa masu noti, muka ɗaure su da faifan ƙarfe ta baya. Na san wani zai ce ɓarna ce a huda bango saboda katako. Wanda ya ga filanki ya faɗi kusa da kan ɗansa ba zai ce haka ba. Daga nan muka kafa turaku masu fitowa gaba, kowane santimita 40, suka raba wurin gida biyar, muka sa sarƙa ta tare gaba, a tsayin da hannun yaro ba ya kai wa maƙullinta.

Da aka gama na jera su: ja a gidansa, fari a gidansa, guntaye cikin rabin tano a gefe. Sai na ga ashe kantar da na yi niyya ce na ƙera, illa dai ba littafi a kanta. Kowane filanki na nuna gefensa kamar bayan littafi, kana zaro wanda kake so ba ka ta da sauran ba. A tsibi kuwa, kullum wanda kake bukata shi ne a can ƙasa. Har alli na ɗauko daga jakar makaranta na rubuta wa kowane tsawonsa da watan da na saye shi.

Abu guda ya rage, shi ne suna. Na laluba Faransancina, kalmomin da na samu ko dai na wurin rataye bindigogi ne da zuba wa dawaki ciyawa, ko na kantar kwano da littafi. Na kai maganar ajin ƴan shekarar ƙarshe, ranar da muke darasin ƙirar kalma da ɗafa-goshin «ma». Daga sassaƙa an samu masassaƙi, daga ajiye an samu ma'aji, daga zauna mazauni. Wani ya ce «matsayar katako», ajin ya ƙi, wai ta yi kama da tashar mota. Wata yarinya daga bencin baya, wadda ba ta cika ɗaga hannu ba, ta ce tunda ba tsaye yake sosai ba, ba kuma kwance ba, a ce majingina. Na rubuta a allo, muka gwada jam'inta, majinginai, ba wanda ya yi dariya.

Na kai wa Baba kalmar. Ya juya ta a baki sau biyu, ya ce shi dai a shagonsa kwance zai ci gaba da ajiye nasa. Amma da hunturun 2023 ya shigo, ya aiko yaronsa da igiyar awo, wai a auno masa tazarar gindin ginshiƙan da bango. Kantar littattafan kuwa sai a hutun 2024 na gama ta, da filankai huɗun da suka tsira da wasu biyu da na ƙaro. Wanda ya faɗi kusa da autana shi ne a hawa na sama, da tabonsa a kusurwa.